Yadda Ake Haɗa Tokin Karanta Ma'ajiyoyin Manhaja na Fili, da Izinin da Ya Kamata a Ba Shi

Tambayar da masu koyon rubuta manhaja suka fi yawan maimaita mini a kan GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan manhaja a cikin ma'ajiyoyi (repositories), ita ce: idan wata manhaja ta nemi a ba ta tokin, wato dogon rubutun sirri da ke tsayawa a madadin kalmar sirrin asusu, domin ta karanta ma'ajiyoyin da kowa ke iya gani, wane akwati ya kamata a zaɓa a cikin dogon jerin izinin da shafin ke nunawa? Amsar a taƙaice ita ce kada a zaɓi ko ɗaya. Ma'ajiya ta fili a buɗe take ga kowa, don haka aikin tokin a nan shi ne kawai ya shaida wa GitHub wanda ke magana da shi, ta yadda zai ɗaga masa iyakar buƙatun da yake iya aikawa. Duk izinin da aka ƙara a kan wannan ba ya ƙara wa karatun komai, sai dai ya ƙara girman ɓarnar da za a yi idan tokin ya faɗa hannun wani. Matakan da ke biye sun bi aikin daga farko har ƙarshe, kuma na bar sunayen maɓallai yadda suke a rubuce a shafin domin a gane su da ido.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar asusun GitHub mai adireshin imel da aka tabbatar, da burauza, da tagar rubuta umarni mai ɗauke da curl, kayan aika buƙatu zuwa adireshin intanet, wanda yake zuwa a cikin yawancin kwamfutocin yanzu. Haka nan ana buƙatar wuri amintacce na ajiye sirri, kamar manhajar adana kalmomin sirri. Idan ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ajiye wayarka kusa, domin shafin yakan sake neman ka tabbatar da kanka kafin ya buɗe sashen tokin. Ba a biyan ko sisi: asusun kyauta yana haɗa tokin, kuma yana samun adadin buƙatun da za a ambata a ƙasa.

Mataki na 1: Tabbatar da cewa kana buƙatar tokin

Kafin ka buɗe shafin saituna, ka duba irin aikin da za ka yi, domin mutane da yawa suna haɗa tokin a inda babu buƙatarsa. Idan abin da kake so shi ne ka sauko da ma'ajiya ɗaya zuwa kwamfutarka, wannan umarni ya wadatar ba tare da asusu ba:

git clone https://github.com/git/git.git

Sauko da fayil ɗaya ta adireshin raw.githubusercontent.com, ko ɗauko kunshin wata fitowa daga shafin ma'ajiyar, su ma ba sa neman tokin, ko da yake a 2025 GitHub ya tsaurara iyaka a kan irin wannan shiga ta marasa asusu, don haka mai sauko da abubuwa da yawa a jere yana iya cin karo da ita.

Buƙatar tokin tana tasowa ne idan manhajarka tana magana da API, wato ƙofar da manhajoji ke bi su tambayi bayanai kamar jerin fitowa, tarihin canje-canje, ko sunayen fayiloli. Wanda bai gabatar da kansa ba yana da buƙatu 60 ne kacal a awa ɗaya, kuma ana ƙirga su ne bisa adireshin IP. Wannan na nufin idan kuna da yawa a kan hanyar intanet guda, kamar a ofis ko makaranta, to ku duka kuna raba waɗannan 60 ɗin ne, kuma wani yana iya cinye su kafin ka aika ko ɗaya. Da tokin kuwa, adadin yana hawa zuwa 5,000 a awa, kuma naka ne kai kaɗai. Ban da maganar adadi, akwai ƙofofi biyu da sam ba sa buɗewa sai da tokin: GraphQL API, wato wani nau'in API na GitHub, da binciken cikin lambobin manhaja, wato rubutun code ɗinsu.

Gargaɗi: idan ka yi git clone a kan ma'ajiyar da ka san ta fili ce sai aka nemi sunanka da kalmar sirri, kada ka yi gaggawar haɗa tokin. Galibi kuskure ne a rubutun adireshin, ko an goge ma'ajiyar, ko an mayar da ita keɓantacciya. Ka fara buɗe adireshin a burauza ba tare da ka shiga asusunka ba, ka gani ko yana nan.

Mataki na 2: Zaɓi nau'in tokin

GitHub yana da nau'i biyu. Tsohon, wanda shafin ke kira Tokens classic, yana farawa da haruffan ghp_, kuma izininsa a dunƙule yake: abin da ka ba shi yana aiki a kan duk ma'ajiyar da asusunka ke iya taɓawa. Sabon, Fine-grained tokens, ya fito a matakin gwaji a watan Oktoba na 2022, yana farawa da github_pat_, kuma yana ba ka damar ƙayyade ma'ajiyoyin da zai shafa da irin abin da zai yi a cikinsu. Domin karatu kaɗai, dukansu suna yin aikin, amma ni sabon nake ba da shawara, saboda yana da zaɓi a rubuce ƙarara na karanta ma'ajiyoyin fili, kuma babu akwatin da zai ruɗe ka. Ka koma ga tsohon ne kawai idan manhajar da za ka ba tokin ta bayyana cewa shi kaɗai take karɓa.

Mataki na 3: Haɗa sabon nau'i

Ka danna hotonka a saman shafin ta dama, ka shiga Settings, ka gangara ƙasan jerin da ke hagu zuwa Developer settings, sannan Personal access tokens, sannan Fine-grained tokens, ka danna Generate new token.

A gurbin suna, ka rubuta abin da zai tuna maka aikin tokin da na'urar da yake kai, misali “karatun-fili-kwamfutar-aiki”. Suna irin “gwaji” ko “token1” zai zame maka matsala nan gaba, lokacin da za ka tarar da guda biyar a jere ba ka san wanda za ka goge ba. A gurbin Resource owner ka bar sunan asusunka. Wasu suna zaɓar ƙungiyar wurin aikinsu a nan, sai tokin ya tsaya jiran amincewar shugabannin ƙungiyar, alhali karanta abin da ke fili bai buƙaci hakan ba.

A gurbin Expiration akwai zaɓin kwana 7, 30, 60, 90, ko ranar da ka ga dama. Aikin yini ɗaya ya ishe shi kwana 7, aikin da ke gudana kullum kuma kwana 90 ya yi daidai.

Gurbi mafi muhimmanci shi ne Repository access. A nan ka zaɓi Public repositories, wanda ke ba da damar karatu kaɗai. Daga nan kada ka ƙara komai a sashen Permissions, ko na ma'ajiya ko na asusu. Ka gangara ka danna Generate token.

Gargaɗi: zaɓin All repositories ba yana nufin duk ma'ajiyoyin duniya ba ne, yana nufin duk waɗanda ka mallaka, har da keɓantattu da waɗanda za ka buɗe nan gaba. Mutum yakan zaɓe shi yana zaton shi ne zai ba shi damar karanta ayyukan wasu, alhali kowane tokin na wannan nau'i yana zuwa da damar karanta ma'ajiyoyin fili tun asali.

Mataki na 4: Idan dole sai tsohon nau'i

Hanyar shiga ɗaya ce, sai dai a ƙarshe ka zaɓi Tokens classic. Ka rubuta bayani a gurbin Note, ka sa wa'adi, sannan ka tarar da dogon jerin akwatuna a ƙarƙashin Select scopes. Ka wuce su duka ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba, ka danna Generate token. Shafin zai amince, domin tokin da babu izini a kansa halastacce ne, kuma abin da yake bayarwa shi ne karatun bayanan da ke fili: ma'ajiyoyi, bayanan masu asusu, da guntayen rubutun gist.

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya a kai. A cikin jerin akwai akwati mai suna public_repo, kuma duk wanda ya gan shi zai ɗauka shi ne abin da yake nema. Ba shi ba ne. Wannan izini yana ba da damar karatu da rubutu a kan kowace ma'ajiya ta fili da kake da iko a kanta, wato wanda ya sami tokin zai iya tura canje-canje cikin ayyukanka, ya buɗe ƙorafe-ƙorafe (issues) da sunanka a ayyukan wasu, ya kuma taɓa jerin abokan aikin ma'ajiyar. Idan kana cikin masu kula da wata manhaja da jama'a ke saukewa, to tokin irin wannan hanya ce ta cusa mugun abu a cikinta, kuma tarihi zai nuna kai ka yi. Akwatin repo da ke samansa ya fi shi haɗari, domin yana haɗawa har da ma'ajiyoyinka keɓantattu gaba ɗaya. Ya yi kama da ka miƙa wa baƙo makullan gidanka duka domin ya karanta sanarwar da ke manne a bangon waje.

Takardun wasu manhajoji suna cewa a zaɓi public_repo ko repo ba tare da sun bayyana dalili ba, sau da yawa domin marubucin ya rufe kowace irin buƙata da zaɓi guda. Shawarata ita ce ka fara gwadawa da tokin marar izini. Idan aikin ya tafi, shi ke nan. Idan ya ƙi, saƙon kuskuren zai nuna abin da ya rage, sai ka yanke shawara kana sane da abin da kake bayarwa. Inda public_repo ya zama dole shi ne idan manhajar za ta yi rubutu a madadinka, kamar buɗe ƙorafi ko miƙa gyara a ma'ajiyar da ba taka ba, kuma wannan ya fita daga batun karatu.

Mataki na 5: Kwafa da adanawa

Tokin yana bayyana sau ɗaya ne tak. Da zarar ka bar shafin ba za ka sake ganinsa ba, sai dai ka haɗa wani. Ka kwafe shi nan take zuwa manhajar adana kalmomin sirri. Domin amfani da shi a tagar umarni ta bash, wannan hanya ta fi tsafta:

read -s GITHUB_TOKEN
export GITHUB_TOKEN

Layin farko zai tsaya yana jira, sai ka liƙa tokin ka danna Enter, kuma ba zai nuna shi a allo ba, ba zai kuma shiga tarihin umarnin da ka rubuta ba.

Gargaɗi: kada ka saka tokin a cikin adireshin git clone, domin Git yana adana adireshin yadda yake a fayil ɗin .git/config. Haka nan saitin credential.helper store yana rubuta shi a fili cikin ~/.git-credentials, don haka Git Credential Manager ko ma'ajin sirri na tsarin kwamfutarka ya fi. Idan ka sa shi a fayil ɗin .env, ka shigar da sunan fayil ɗin cikin .gitignore, wato jerin fayilolin da Git zai ƙyale, kafin ka adana canji na farko. Kada ka yi sakaci da wannan don kawai tokin ba shi da izini: wanda ya same shi zai cinye buƙatunka 5,000, kuma duk abin da ya aikata da sunan asusunka za a rubuta.

Mataki na 6: Gwada shi kafin ka miƙa shi

curl -i -H "Authorization: Bearer $GITHUB_TOKEN" https://api.github.com/rate_limit

Wannan tambaya ba ta rage maka komai daga adadinka. A layukan saman amsar ka nemi x-ratelimit-limit. Idan ka ga 5000, GitHub ya gane ka. Idan ka ga 60, tokin bai isa gare shi ba, kuma yawanci dalilin shi ne ka buɗe sabuwar taga wadda ba ta san sunan GITHUB_TOKEN ba. Ga mai tsohon nau'i, layin x-oauth-scopes yana lissafa izinin da ke kan tokin, kuma abin da ake so shi ne a gan shi babu komai a gabansa.

Daga nan ka gwada karatu na gaske ta hanyar sauya adireshin zuwa https://api.github.com/repos/git/git, inda ya kamata ka ga lamba 200 da bayanan ma'ajiyar. Gwaji na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a wurina ya fi sauran muhimmanci: ka sa adireshin wata ma'ajiyarka keɓantacciya. Amsar da ake fata ita ce 404. Idan ka ga 200, ka ba tokin fiye da abin da ka yi niyya, sai ka goge shi ka koma mataki na 3.

Mataki na 7: Miƙa shi ga manhajar da ke nema

Kowace manhaja da inda take duba tokin. Homebrew, manhajar girka wasu manhajoji, yana karanta shi daga HOMEBREW_GITHUB_API_TOKEN. Composer na PHP yakan tsaya ya nemi tokin idan ya ci karo da iyaka, kuma ga kunshin da ke fili marar izini ya ishe shi. Manhajar gh ta GitHub tana karɓar GH_TOKEN ko GITHUB_TOKEN kai tsaye, amma idan ka bi ta gh auth login da tsohon nau'i, za ta nemi izini masu faɗi irin su repo da read:org, don haka ga aikin karatu ka tsaya a kan hanyar farko.

Idan aikin a cikin GitHub Actions yake gudana, wato tsarin GitHub na gudanar da ayyuka kai tsaye a kan ma'ajiya, kada ka haɗa tokin kanka tun farko. Kowane aiki yana samun nasa GITHUB_TOKEN wanda ke mutuwa idan aikin ya ƙare, kuma kana iya taƙaita shi da rubuta contents: read a ƙarƙashin permissions. Iyakarsa buƙatu 1,000 ne a awa ga kowace ma'ajiya, adadin da ya ishi yawancin ayyuka.

Gargaɗi: GitHub Packages, wurin ajiye kunshin manhajoji na GitHub, yana da dokarsa daban. Sauko da kunshin npm ko Maven daga can yana neman tsohon nau'in tokin mai izinin read:packages ko da kunshin na fili ne, yayin da hotunan kwantena na fili a ghcr.io ake jawo su ba tare da tokin ba.

Mataki na 8: Idan ya ƙi aiki

Lamba 401 tare da saƙon Bad credentials tana nufin tokin ya mutu, ko an soke shi, ko an yanke masa wani harafi wajen kwafa. Abin lura a nan shi ne mataccen tokin ya fi rashin tokin muni, domin yana hana ka karanta abin da wanda ba shi da asusu ke karantawa. Idan manhajar da ke aiki lafiya ta tsaya kwatsam, ka fara duba wa'adin tokin.

Lamba 403 ko 429 tare da x-ratelimit-remaining a kan sifili tana nufin ka cinye adadinka. Layin x-ratelimit-reset yana faɗin lokacin da za a sabunta shi, a ƙirge da daƙiƙoƙi tun farkon 1970. Kada ka ci gaba da aika buƙatu kafin lokacin, kuma kada ka haɗa sabon tokin da fatan samun wasu 5,000, domin adadin na asusu ne, duk tokin da ke ƙarƙashinsa daga nan yake ɗiba. Ƙara izini ma ba ya ɗaga shi. Maganin shi ne rage buƙatun: ka sa per_page=100 maimakon 30 da ake bayarwa idan ba ka faɗa ba, ka yi amfani da ETag, alamar da ke nuna ko bayanin ya canza, ta yadda amsar 304, mai nufin babu canji, ba za ta shiga lissafi ba, kuma idan fayiloli da yawa kake so daga ma'ajiya ɗaya, git clone --depth 1 ya fi ka riƙa tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Bincike yana da tasa iyakar: buƙatu 30 a minti, binciken lambobin manhaja kuma 10.

Idan kai ma'aikacin kamfani ne da ke tilasta shiga ta SAML, wato ta asusun kamfanin, tsohon nau'in tokin yana iya samun 403 a kan ma'ajiyoyin ƙungiyar har sai ka danna Configure SSO a gefensa ka amince.

Mataki na 9: GitLab da makamantansa

A GitLab, wani shafi irin GitHub, ma ana sauko da ayyukan fili ba tare da tokin ba, amma shafin haɗa tokin ba ya barin ka wuce sai ka zaɓi izini aƙalla ɗaya. Izinin read_api yana ba da karatu ta API, read_repository kuma an tanade shi ne domin jawo ma'ajiyoyi keɓantattu. Ka guji wanda ake kira api, domin karatu da rubutu ne gaba ɗaya. Tokin yana farawa da glpat-, ana aika shi a layin PRIVATE-TOKEN, kuma tun fitowa ta 16.0 a 2023 ana tilasta masa wa'adi.

Gargaɗi: read_api bai tsaya a kan ayyukan fili ba, yana karanta duk abin da asusunka ke gani, har da na sirri. Idan za ka ba wata manhaja da ba ka gama yarda da ita ba, ya fi dacewa tokin ya fito daga asusun da ba ya cikin kowane aiki keɓantacce. A Codeberg da sauran shafukan ajiye ma'ajiyoyi da ke gudana a kan manhajar Forgejo ko Gitea, akwai zaɓin taƙaita tokin ga abin da ke fili kaɗai, sai ka haɗa shi da izinin karanta ma'ajiya.

Mataki na 10: Sabuntawa da sokewa

GitHub yana aiko da imel idan wa'adin tokin ya kusa cika. Ka buɗe shi a shafin saituna ka danna Regenerate token, wanda zai ba ka sabon sirri da izini iri ɗaya, kuma tsohon zai daina aiki, don haka ka shirya sauya shi a duk inda ka saka shi. Wannan ne dalilin da ya sa ya fi sauƙi kowace manhaja ta sami tokin nata: idan za ka soke ɗaya, sauran ba za su tsaya ba. Tokin da ya shekara ba a yi amfani da shi ba, GitHub da kansa yake soke shi.

Idan tokin ya fita, ko ta hoton allo, ko ta saƙo, ko ta fayil ɗin da ka tura, ka fara da goge shi a shafin saituna kafin komai. GitHub yakan soke tokin da aka tura cikin ma'ajiya ta fili ko gist na fili da kansa, amma ba ya ganin wanda ya fita ta wasu hanyoyi. Cire layin daga fayil ɗin a canji na gaba bai wadatar ba, domin tsohon canjin yana nan a tarihin Git kuma kowa na iya komawa gare shi. Bayan ka goge, ka shiga Security log a cikin Settings ka duba ko an yi wani abu da ba kai ka yi ba, sannan ka haɗa sabo daga mataki na 3.